Gani Bai Kori Ji Ba: Na'urar Karanta Leɓe da Harshen Hausa

Laccar da aka gabatar a Tirkaniya, Kaduna

Ina yi wa mai fassara da hannu da ke tsaye a gefena godiya ta musamman, domin ba don ita ba, waɗanda maganar nan ta fi shafa su ne za su tashi hannu rabbana.

Kafin mu yi nisa, a kashe mini lasifika na ɗan lokaci. Ku zuba wa bakina ido, zan faɗi kalmomi uku ba tare da murya ba.

To, a kunna. Na san akasarinku za su rantse kalma ɗaya na maimaita sau uku. Abin da na faɗa shi ne ɗaki, taki, naki. Ɗaya wurin kwana, ɗaya abin zubawa a gona, ɗaya kuma mallakar mace. A kunne ba mai haɗa su, amma a leɓe tagwaye ne, har da gambonsu. Ku riƙe mini waɗannan kalmomi, za mu dawo kansu.

Wanda ya fara koya mini wannan darasi kawuna ne, Allah ya jiƙansa. Shekara 22 ya yi a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, nan maƙwabtanmu. Dattawan da suka yi wannan aiki a cikinku sun san irin ƙarar da nake nufi: injina ɗaruruwa suna bugawa lokaci guda, har ka ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarka. A wurin ba a hira da murya. Sai mutum ya wage baki ya yi wa abokin aikinsa magana daga nesa, ya haɗa da hannu, shi kuma ya karanta. Masaƙar farko da aka buɗe a Kakuri a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfani na yankin Lankasha ta Ingila aka kafa ta, kuma mata masu saƙa na can ma da irin wannan magana aka san su. Injin ya zo mana da ƙararsa, dabarar kuwa kowa ya ƙago abarsa.

Kawu ya bar aiki kunnensa ya yi nauyi, da tsufa ya zo sai jin ya tafi ɗungurungum. In za ka yi masa magana, sai ya kama haɓarka ya juya ka wajen haske, ya ce, "Tsaya in ga bakinka." Da dare kuwa fitilar ƙwai yake ɗagawa daidai fuskarka. Kuma yana ganewa, har baƙo ba ya saurin lura cewa ba ya ji. Sai ran da aka yi bikin 'yarsa. Bayan 'yan kwanaki matarsa ta shigo da murnarta ta ce masa an kai gara. Sai ga kawu ya zabura yana lalubar hula: "Wa ya kai ƙara? Auren da ko mako bai yi ba? Wace kotu?" An daɗe ana dariyar wannan a gidanmu. Ni dai da na girma na fara karatun kwamfuta, sai na ga ashe babbar matsalar wannan fanni ce kawu ya nuna mana a tsakar gida.

Mu da muke ji ma muna karanta leɓe, ba mu dai sani ba ne. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka ɗauki hoton bakin da ke cewa "ga", suka ɗora masa muryar da ke cewa "ba". Yawancin manyan da suka kalla suka ce "da" suka ji, sautin da ba wanda ya furta. In suka rufe ido sai "ba" ta dawo. Wato ƙwaƙwalwa gauraya abin da ido ya kawo take yi da wanda kunne ya kawo. Shi ya sa in kana kallon fim ɗin Indiya-Hausa, bakin jarumi yana Indiyanci murya tana Hausa, za ka ji wani abu yana ɗan sukar ka har sai ka saba.

To yaya ake koya wa kwamfuta wannan aiki? Bidiyo dai hotuna ne a jere, galibi 25 a kowace daƙiƙa. Na'ura takan fara nemo fuska, ta yanko wurin baki kawai, ɗan hoto ƙarami da bai fi ɗigo 100 a faɗi ba, ta jefar da sauran. Sai a tura waɗannan hotuna cikin wata sarƙar lissafi mai hawa-hawa. Hawan farko ba abin da yake gani sai layi da inuwa da motsi. Na gaba ya haɗa su ya ce nan leɓe ya rufe, nan ya zagaye, nan haƙori ya bayyana. Na sama ya dubi yadda waɗannan suka biyo juna, ya fitar da haruffa. Yawan hawan nan ne ya sa ake kiran abin koyo mai zurfi. Ba wanda ke zama ya rubuta mata cewa in leɓe ya haɗu "m" ce. Nuna mata bidiyo ake yi ta canka, a gwada cankarta da abin da aka faɗa a zahiri, in ta kuskure a ɗan murɗa lambobin da ke cikinta, waɗanda miliyoyi ne. A sake, a sake, sau dubun dubata, kamar yaron makaniki da ke kunce inji yana ɗaurawa har hannunsa ya faɗa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1984 wani ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka, Eric Petajan, ya gina na'urar da ke duban baki don taimaka wa gane magana. Amma a 2016 ne abin ya yi tsalle. A shekarar masu bincike a Jami'ar Oxford suka fito da LipNet, jaridu suka ɗauka cewa ta canki kusan kashi 95 cikin 100 na kalmomi, alhali mutanen da aka gwada da ita kashi 52 suka samu. Duk wanda ya ji haka sai ya ce an gama. Amma ku tambayi irin jarrabawar. Mutum 34 ne aka zaunar gaban kyamara, haske tangaran, kowa yana fuskantar gaba. Kalmomin duka 51 ne, kowace jimla kalma 6, kuma tsari ɗaya: umarni, launi, wuri, harafi, lamba, lokaci. Wannan ai kamar ka ce yaro ya iya lissafi ne don ya haddace jadawalin sau biyu.

Jarrabawar gaske ita ce wadda wasu a Oxford ɗin suka yi tare da kamfanin DeepMind a shekarar dai, da shirye-shiryen talabijin na BBC na kusan awa 5,000, jimloli 118,000. A nan na'urar ta samu kashi 46.8 na kalmomi, ƙwararren mai karanta leɓe kuma ya samu 12.4. Ta doke mutum, babu musu, amma fiye da rabin maganar ta kuɓuce mata. Zuwa 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya fito da AV-HuBERT, wadda kuskurenta ya sauko zuwa kusan kashi 27. Ci gaba ne babba. Sai dai duk da Turanci ne, a bakin masu jawabi a dandamali, waɗanda aka haska musu fuska da kyau.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni aron hankalinku. Ana ƙiyasta cewa ko a Turanci, abin da ake iya gani a leɓe bai wuce kashi 30 zuwa 40 na sautuka ba. Ta ina na'ura ke samo sauran? Canka take yi. In na ce muku "sai da", kun san "safe" ce za ta biyo. In na ce "ina wuni", ba mai jiran ƙarshen kalmar. Haka ita ma: ta haɗiye jimloli masu ɗimbin yawa har ta san wace kalma ta saba bin wace, sai ta cike gurbin da ido bai gani ba da abin da ya fi kama da gaskiya. Aibin shi ne ba ta yin in'ina. Ko ta gani ko ba ta gani ba, jimla za ta miƙo maka santala, a rubuce tsaf. "An kai gara" Hausa ce mai kyau, "an kai ƙara" ma Hausa ce mai kyau. Kawu yana cikin gidan, ya san an yi biki, ya san matarsa shekara da shekaru, amma ya kuskure. Ina ga na'urar da ba ta ga komai ba sai yankakken hoton baki na daƙiƙa 3?

Harshenmu kuwa kamar da gangan ya ɓoye dukiyarsa a bayan leɓe. B da ɓ da m duk leɓe biyu ne suka haɗu suka rabu: bari, ɓari, mari. K da ƙ da g can ciki ake yin su, kusa da maƙogwaro: kara, ƙara, gara. D da ɗ da t da n harshe ne a bayan haƙori, kun dai ga ɗaki da taki da naki, ku ƙara da dawa, tawa, nawa. Haruffan nan masu lanƙwasa da muke faɗa da masu buga littattafai a kansu, bambancinsu a maƙogwaro yake, inda kyamara ba ta kaiwa.

Sannan ga karin sauti, wanda shi ne uban tafiyar. Ɗaga murya da sauke ta ba ya barin wata alama a leɓe, alhali a Hausa yana ɗauke da ma'ana har da nahawu. Ku saurari wannan: "ya kashe shi", da murya sama a kan "ya" kuma a ja ta, labari ne, an riga an yi kisa. "Ya kashe shi", da murya ƙasa a gajarce, umarni ne, ana so a yi. Na farko mai ba da shaida ne, na biyu mai ba da umarnin kisa ne. Tsakaninsu ba komai sai kari da ɗan tsawon wasali da bai kai ƙiftawar ido ba. Rubutun boko ma ba ya nuna wannan, na sani, amma mai karatu yana da shafi guda a gabansa da zai warware masa.

Har ɗan abin da ake gani ɗin ma ba irin na Turanci ba ne. Bature in zai ce "f" haƙoransa na sama kan sauka a leɓen ƙasa, kowa na gani, kuma na'urorin nan sun dogara da wannan alama sosai. Bakano kuwa da leɓe biyu yake hura tasa, wani lokaci ma ta koma kamar "p". Basakkwace da Bakatsine su ce maka "hwara". To wace Hausar za a koya mata? Ku dubi zauren nan kawai. Akwai Gbagyi, akwai Bajju da Atyap da Adara, akwai Bayarabe da Ibo da aka haifa a Nasarawa ko Makera, kowa na Hausa da irin bakinsa, kuma ba ma kai ƙarshen jimla ba mu tsoma Turanci ko buroka ba. Hausar Kaduna ita ma Hausa ce, kuma ita ake yi a kasuwa da cikin keke.

Bari in ɗan yi ratse. Mu al'umma ce da ke ganin rufe baki mutunci ne. Sarki yana da amawali. Mace mai kunya takan ja gefen gyale in za ta yi dariya, wata kuma niƙabi take sawa. Yaro ba ya tsura wa babba ido, sunkuyar da kai yake yi. Ga mai goro a kunci, ga mai gashin baki kamar tsintsiya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma kuma sun san yadda ake hana fuskar ba da labari. A 2020, da korona ta sa kowa ya ɗaura takunkumi, kurame masu dogaro da leɓe sun ga tasku, tun daga kanti har asibiti.

Kuma ko an ce yau a fara, da wane bidiyon? A 2023 Meta ta fitar da tarin bidiyo da murya na awa 1,200 a harsuna 9. Akwai Larabci da Girkanci da Rashanci, babu Hausa. Aikin NaijaVoices ya tara kusan awa 1,800 na Hausa da Yarbanci da Ibo, aiki ne na a yaba, amma murya ce zalla babu fuska. Wani zai ce ai ga Kannywood. To, waƙoƙin fim dai a cire su, tunda wani ke rerawa wani ke motsa baki. Indiya-Hausa kuwa guba ce ga wannan aiki. Abin da ya fi dacewa shi ne masu karanta labarai a NTA Kaduna ko DITV ko Arewa24, sai dai su ma Hausar ofis suke yi, a nutse, ba irin ta mai rigima da ɗan acaba kan canji ba. Kuma fuska ba abin tsinta a titi ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan halittar jikin mutum cikin waɗanda ake taka-tsantsan da su. Duk ɗalibin da zai ɗauki bakin wani, ya nemi izininsa, ya gaya masa abin da za a yi da shi.

Kada ku ce na zo in kashe muku gwiwa. Akwai inda abin ke da amfani na gaske. A wani asibiti a garin Preston, a Lankashar nan dai ta masu saƙa, an gwada wata manhajar waya mai suna SRAVI da wani kamfani na Belfast ya yi, don majinyatan da aka huda musu maƙogwaro aka sa bututun numfashi. Hankalinsu garau, leɓensu na motsi, murya ce babu. Manhajar ba ta ce za ta karanta duk abin da ke bakin mutum ba. 'Yan jimloli ƙalilan aka koya mata, irin waɗanda mai jinya ke bukata. Wannan mu ma za mu iya. A zauna da ma'aikatan jinya a zaɓi jimla 40 na Hausa waɗanda ba sa kama da juna a leɓe: ina jin ƙishirwa, a juya ni, ƙirjina na ciwo, a kira mini matata, zan yi addu'a. Aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Jihar Kaduna ko ta Ahmadu Bello za su iya ɗauka, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a cikin garin nan tun 1999. Amfani na biyu shi ne haɗa ido da kunne. Inda janareto ke ruri, injin niƙa na kuka, tireloli na wucewa a titin Nnamdi Azikiwe, na'urar da ke saurare kawai takan rikice, amma in tana ganin baki tana kuma jin ɗan abin da ya samu, kuskurenta kan ragu ƙwarai. A nan ne nake ganin fasahar za ta fi zama da gindinta.

Game da kurame kuwa, a yi hattara da yi musu gwaninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 430 ne ke da matsalar ji mai bukatar kulawa, kuma a Arewa sanƙarau da ƙyanda sun kurmantar da yara masu yawa. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan. Amma in mai ji yana yi wa kurma magana, ai muryar tana nan, manhajar da ke mai da murya rubutu ta fi mai karanta leɓe iyawa nesa ba kusa ba. Kuma kurame suna da harshensu. Maganar hannu ta Hausa harshe ne cikakke, wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. A 1880 wani taro a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a bar koyar da kurame da hannu, a tilasta musu karanta leɓe, aka shafe shekaru kusan 100 ana cutar yara da wannan. Kada mu maimaita shi da sunan ƙirƙirarriyar basira. A tambaye su tukuna. Mai yiwuwa abin da za su fara nema mai fassara ne a asibiti da kotu da ofishin 'yan sanda.

Saura abin da ya fi damuna. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun tuna wasan ƙarshe na kofin duniya a Berlin, 9 ga Yulin 2006, lokacin da Zidane ya tunkuyi Materazzi a ƙirji. Jaridun Ingila suka ɗauko masu karanta leɓe, kowa da abin da ya karanto, wasu suka buga cewa ya zagi mahaifiyar Zidane ya haɗa da ta'addanci. Materazzi ya ce maganar a kan 'yar'uwarsa ce, ya kai ƙara, kuma jaridu irin su Daily Star da The Sun da Daily Mail sai da suka ba shi haƙuri suka biya diyya. Wannan fa da kyamarori masu tsada ne daga kowace kusurwa. Shi ya sa yau kuke ganin 'yan wasa na kare baki da hannu, sun koma amawali.

Can an ƙare a kotu. A nan ina za a ƙare? Garin nan ya san abin da 'yan kalmomi ke jawowa. A 2002 rubutu ne a jarida ya tayar da rikici, kuma akwai waɗanda ke zaune a zauren nan da har yau ba su koma unguwar da aka haife su ba. Ku ɗauka gobe an ɗauki wani limami ko fasto ko ɗan siyasa daga nesa yana raɗa da na kusa da shi, ba sauti, sai wani ya rubuta a ƙasa cewa kwamfuta ta karanta bakinsa, ga abin da ya ce. Mutanenmu suna ganin kwamfuta ba ta ƙarya. Ga shi kuma fasahar tana da wani gefen: tun 2020 wasu masu bincike a Haidarabad ta Indiya suka fito da Wav2Lip, wadda ke sa leɓen mutum a bidiyo ya bi kowace murya aka ɗora masa. Wato yanzu ana iya cusa wa mutum magana a baki, ana kuma iya zaro wadda bai yi ba.

Don haka ga roƙona. Alƙalai da lauyoyi da jami'an tsaro da ke nan, kada ku karɓi karatun leɓe na Hausa a matsayin shaida, na mutum ne ko na na'ura. 'Yan jarida, kada ku buga shi. Ɗalibai, ku fara da jimla 40 ɗin nan na asibiti, ku tafi da kurame da masu jinya tun ranar farko. Iyayena da 'yan'uwana kuwa, duk ran da irin wannan bidiyo ya shigo muku ta WhatsApp, ku tambayi wanda ya turo ina muryar take. In babu, ku gwada shi da ɗaki, taki, naki a gaban madubi, sannan ku goge, kada ku tura wa kowa.